Mai Tsaron Tsuntsu a Ɗakin Wankin Ciwo

Wutar buntun shinkafa ba ta da harshe. Sama toka ce fara fat, ƙasa kuwa rushi ne da ke kwana ya wuni yana ci. Duk wanda ya tashi a Saga ya san haka, domin unguwar a bakin kogin Isa take, kudu maso gabas da tsakiyar Yamai a kan hanyar Kollo, kuma sau biyu ake girbin shinkafa a shekara a gonakinta na ban ruwa. Auta ma ya sani. Amma ɗan shekara tara da ke bin ƙwallo ba ya duba inda yake jefa ƙafa. Wata ranar hunturu bayan la'asar ya zurma ƙafar dama cikin tulin toka har ƙwauri.

Mahaifinsa, mutumin Dogondutsi ne da ya daɗe da zama Saga yana noma, ya ɗora shi a kan kabu-kabu zuwa wani ƙaramin asibiti. Aka wanke, aka shafa magani, aka naɗe, aka ce a riƙa dawowa bayan kwana bibbiyu. Ranar farko ba ta zo da rigima ba, don firgici ya riga ya daskarar da yaron. Wanda ya taɓa jinyar ƙuna ya san ba ranar ƙunar ce abin tsoro ba, ranar buɗe bandeji ce.

Ranar da suka koma, wani saurayi ɗan koyon aiki da ake kira Dogo ne a ɗakin wankin ciwo. Ba mugu ba ne. Layi ne a bakin ƙofa har gindin bedi, ga mai ƙurji, ga mai yankan lauje, ga tsohuwa mai gyambo. Ya dubi Auta ya faɗi abin da ya ji manya suna faɗi:

"Kwantar da hankalinka, ba zafi. Yanzun nan za a gama."

Sai ya kama bakin bandejin da ya bushe ya manne da nama, ya ja. Ihun da yaron ya yi har masu sayar da ƙosai a bakin titi sun ji. Ya yi harbi da ƙafar hagu, kwanon almakashi ya kife. Aka kira mai gadi da wani ɗan rakiya, suka danne shi, uban ya riƙe kafaɗu yana huci.

"Kai! Ba namiji ba ne kai? Kada ka ba ni kunya a cikin mutane!"

Aka gama, kowa ya jiƙe da gumi. Zuwa na gaba tun daga bakin ƙofa Auta ya fara amai.

Mu iyaye muna da hannu a wannan. Yaro ya yi ƙiriniya a gida, sai a ce masa in bai natsu ba za a kai shi a yi masa allura. Shekara da shekaru muna gina masa dodo da farar riga, ranar da ya buƙaci mai farar rigar kuma mu ce ya zama jarumi.

Ranar zuwa na huɗu aka nemi Auta aka rasa. Sai bayan magariba wani yayansa ya same shi a ƙarƙashin rumfar tsaron tsuntsu can cikin gonaki, ya ja ƙafa cikin laka ya je ya ɓuya. Bandejin ya koma kalar ƙasa, ciwon ya fara wari, jikinsa kuma zafi rau.

Da safe suka koma asibitin, suka tarar da Majo, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta dawo daga hutu. Dattijuwa ce da ta kusa ajiye aiki, mai ƙaramin jiki da tabarau a kan hanci. Ta duba ƙafar daga nesa, ta ji labarin, ta ga mai gadi ya riga ya naɗe hannun riga yana jira. Ta ce da shi ya koma bakin ƙofarsa. Ta ba Auta maganin rage zafi ya sha, ta rubuta na kashe ƙwayoyin cuta, ta ce su zauna a inuwa rabin awa sai maganin ya kama jiki, ta ci gaba da ganin wasu.

Da lokaci ya yi ba ta ce a hau da shi gado ba. Ta bar shi a kan benci jingine da uwarsa, ta jawo 'yar kujerar tsuguno ta zauna, kanta ya zama ƙasa da nasa.

"Angona, ni ba zan yi maka ƙarya ba. Za ka ji abu. Wani wuri za ka ji sanyi, wani wuri za ka ji ja, wani wurin zai fi haka. Amma ga sharaɗi: babu mai riƙe ka. In ka ɗaga wannan hannun, za mu tsaya sai ka sauke. Gwada mu gani."

Auta ya ɗaga hannu yana kallonta da jajayen idanu. Dogo, da ya fara zuba ruwan gishirin asibiti a kan bandejin don ya jiƙa ya saki da kansa, ya dakata. Yaron ya sauke, aka ci gaba. Ya sake ɗagawa, aka sake tsayawa. Sai da ya gwada su ya tabbatar.

"To, yanzu bar musu ƙafar su yi aikinsu, ni da kai mu tafi yawo. Mu je bakin kogi, ka tsoma ƙafa cikin ruwa mai sanyi..."

Jikin yaron ya sandare, numfashinsa ya fara sama-sama. Uwar ta yi ƙasa da murya ta ce, "Majo, ba ya son maganar kogi. Tun daren da ruwa ya shigo mana." Ambaliyar 2020 take nufi, shekarar da kogin ya cika ya karya madatsa ya shiga gidajen Saga. A wuya aka fito da Auta cikin duhu, yana jin katangun ƙasa suna zubewa a baya.

Majo ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Mun fasa kogi. Kai ka faɗa mini, ina ka fi son zama a duniya?"

Shiru. Can ya ce, "Rumfa."

"Wace rumfa?"

"Ta tsaron tsuntsu."

"Ashe da babban ma'aikaci nake magana. Ni ban taɓa hawa ba. Da wace ƙafa ake fara takawa?"

Daga nan ta riƙa tambaya yana ba ta amsa. Itacen rumfar na mene ne, igiyar gwangwanaye daga ina ta tashi zuwa ina, majaujawarsa da me ya saƙa ta. Tana tambayar tana rage sauri, tana sauke murya, tana jiran ya fitar da numfashi kafin ta sa kalma ta gaba. Ta ce ya zaɓi wuri ɗaya a bango ya zuba masa ido, nan ne gabas, nan rana za ta ɓullo. Ba a jima ba ta daina cewa "ka tuna", ta koma cewa "ga shi".

"Ga ka a kan rumfa. Asuba ce, hazo bai tashi ba. Shinkafa ta sunkuyar da kai, ta yi nauyi. Kana jin ƙanshinta. Ƙafarka ta dama tana lilo, raɓa ta jiƙa ta, sanyin hunturu yana ratsa ta, har ta fara yin nauyi, ta yi dum, kamar ba taka ba. Bar ta can ta huta. Kai aikinka a sama yake."

Idanun Auta suka lumshe rabi. Kafaɗunsa suka sauka. Hannunsa na dama ya dunƙule a kan igiyar da babu ita. Dogo ya ɗaga bandejin da ya riga ya jiƙe, ya fito salin-alin, ya fara goge gefen ciwon. Da ya iso inda mataccen nama yake, wurin da sai an sa hantsaki, ya ɗago ya dubi Majo. Ta gyaɗa kai, ta ɗan ɗaga murya.

"Af, ga su nan! Jan-baki ne, garke guda, daga wajen Kollo suke. Sun yi baƙi a sama. Za su sauka a gonar Baba. Ja igiya, angona! Ja da ƙarfi! Kore su!"

"Haa! Haa!" in ji Auta, yana fizgar iska, hawaye na zuba a kumatunsa, ƙafar kuwa tana nan inda aka ajiye ta.

"Sun tashi. Nawa suka rage a kan kunya? Ƙirga mini."

Ya ƙirga har goma sha ɗaya. Sau ɗaya ya ɗaga hannun hagu, aka tsaya, ya yi numfashi uku, ya sauke. Da aka naɗe sabon bandeji Majo ta ce ya sauko daga rumfa a hankali, ya buɗe ido in ya shirya. Uwar ta tambaye shi ko ya ji zafi. Ya ce ya ji, amma daga nesa.

Uban yana tsaye a bakin taga, bai ce uffan ba. Bai ji daɗin abin da ya gani ba. Shi a saninsa, mutum ba ya lumshe ido yana magana da abin da babu shi sai in an yi masa wani abu, kuma ya fito daga ƙasar Arewa inda ba a buƙatar a yi wa kowa bayanin bori. Da daddare bayan lisha ya tsaya wurin limamin masallacinsu.

"Allah gafarta Malam, matar nan ta ɗauke hankalin yaron nan da baki kawai. Ina tsoron kada garin neman lafiyar ƙafa a taɓa mini imaninsa."

Malam ya ce ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Ranar wanki ta gaba ya zo da carbinsa ya zauna a kusurwa, ya kalli abin daga farko har ƙarshe. Da aka gama ya yi wa Majo tambayoyi uku: ko tana kiran sunan wani abin da ba a gani, ko akwai abin da take tofawa ko turarawa, ko kuma yaron zai iya ƙin bin maganarta.

"Malam, ai ka ga hannunsa. Ranar farko ma na ce mu je kogi ya ƙi, dole na bi shi inda yake so. Ba barci yake ba, yana jin kowa. Hankalinsa ne ya tattara wuri ɗaya, irin yadda yaro ke nutsewa cikin tatsuniya har a kira sunansa bai ji ba. Likitoci na kiran abin ipnoz. Ni dai hanya nake nunawa, shi ke tafiyar."

Malam ya juya wajen uban. Ya ce a littattafan tarihi ana ba da labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga manyan malaman Madina, wanda ciwo ya ci ƙafarsa a zamanin halifa Walidu ɗan Abdulmaliki har sai da aka yanke ta, kuma an ce ya sa a yi aikin yana cikin ambaton Allah, zuciyarsa na wani wuri. "Ban ce ɗanka Urwatu ne ba, kuma ban ce a bar magani ba. Na ce Wanda ya halicci zafi Shi ya halicci hankali, Ya kuma sa ɗaya na iya rage ɗaya. Ni ban ga shirka a nan ba. Abin da na ji an yi a baya, na danne yaro ana ce masa ba zafi, shi ne ya ƙunshi ƙarya."

Uban ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Wanda bai gamsu ba shi ne Dogo. Da aka tashi aiki, suna wanke kayan aiki, ya ce, "Majo, ai wannan dabarar wanzamai ce. Ranar da aka yi mini kaciya, wanzami ya ce in dubi jirgin sama, kafin in sauke kai ya gama."

"Sau nawa aka yi maka kaciya?"

Ya yi dariya. "Sau ɗaya mana."

"To shi ya sa. Yaudara sau ɗaya take ci. Yaron nan zai zo mana sau goma ko fiye. In ka ce masa ba zafi ya ji zafi, gobe ko gaskiya ka faɗa ba zai karɓa ba, kuma tsoron da zai zo da shi sai ya ninka masa ciwon. Haka nan in ka ce masa 'yi haƙuri, zai yi zafi sosai', ka riga ka kunna masa wutar kafin ka taɓa shi. Faɗi abin da za ka yi, da kalmar da ba ta da ƙaya."

Abin da Majo ta sani da hannu, masu bincike sun daɗe da auna shi. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa saƙon zafi ba ya tafiya kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, akwai mashiga a laka da ke iya buɗewa ko tsukewa, kuma saƙon da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa na cikin abin da ke juya ta. Tsoro na buɗe ta, nutsuwa na tsuke ta. Ita Majo ta koyi dabarar ne wurin wata likitar sa barci da ta yi karatu a Beljiyam, inda a asibitin jami'ar Liyej, Farfesa Marie-Elisabeth Faymonville ta fara tun farkon shekarun 1990 haɗa ipnoz da allurar kashe zafin wuri da ɗan maganin kwantar da hankali, ana yi wa mutane aikin maƙoƙo ba tare da an sa su dogon barci ba. Dubban mutane aka yi wa aiki a haka. A 2014 ma, a asibitin Henri Mondor kusa da Paris, an cire wa mawaƙiyar Gini Alama Kante ƙari a maƙogwaro ta wannan hanya, tana rera waƙa ana aikin, don likita ya riƙa jin muryarta ya tabbatar bai taɓa jijiyar murya ba.

Dogo ya ce duk ya ji, amma can Turai ne, inda ma'aikaci ɗaya ke da mara lafiya biyu. "Mu nan layi har gindin bedi. Ina muka ga lokacin tatsuniya?"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Wanda bai taɓa tsayawa shi kaɗai a gaban layin asibitin unguwa ba bai kamata ya raina ta ba. Sai dai lissafin bai cika ba. A shekarar 2000 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken Dakta Elvira Lang a Amurka, kan mutum 241 da aka zura wa bututu a jijiya ko ƙoda suna farke. Waɗanda aka yi wa aikin yadda aka saba sun ɗauki kimanin minti 78. Waɗanda aka raka da ipnoz sun ɗauki 61, sun kuma buƙaci kusan rabin maganin da na farkon suka sha. Majo ba ta riƙe waɗannan alƙaluma a ka ba. Abin da ta ce da Dogo shi ne ya lissafa mata mutum nawa ya tara ranar da aka danne Auta, minti nawa aka ɓata wajen kokawa da tsince almakashi a ƙasa, da kuma kuɗin maganin da uban ya saya saboda ciwon ya ruɓe a cikin laka.

Ta kuma ja masa kunne. Baki ba ya maye gurbin magani: a ba da maganin rage zafi tukuna, a jira ya kama, a jiƙa bandeji. Ƙuna mai faɗi ko mai zurfi ba ta ƙaramin asibiti ba ce, a tura ta babban asibiti. Wanda ke da taɓin hankali ba a yi masa wannan sai masana. Jariri kuwa ba ya buƙatar labari. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar uwa ta rungume shi ta ba shi nono lokacin allurar rigakafi, ma'aikaci kuma ya guji cewa ba zafi. Sannan mutane ba ɗaya ba ne, wani zai nutse har ya manta da kai, wani ko gezau.

Ƙafar Auta ta ɗauki makonni kafin ta rufe. Wajen ƙarshe shi da kansa yake hawa benci, ya zaɓi wurinsa a bango, ya ce da Majo yau ba sai ta raka shi ba. Uban ya kawo mata tiya biyu ta sabuwar shinkafa, ta ce ya kai wa uwar yaron, ita ce ta yi jinya.

Dogo ya fara gwada sa'arsa ranar da Majo ta tafi taro. Aka kawo wani tsohon basarke da ƙugiya ta shige masa tafin hannu. Dogo ya yi masa allurar kashe zafi, ya jawo kujerar tsuguno, ya sauke murya.

"Baba, ga ka a cikin jirginka da asuba, ruwa ya kwanta..."

Tsohon ya buɗe ido ɗaya ya dube shi. "Yaro, shekara hamsin ina cikin jirgin nan, yau na samu na fito ka ce in koma? Bar surutu. In za ka ja, ka ce mini za ka ja."

"To, Baba. Zan ƙirga uku."

"Yawwa. Haka ake yi da manya."

Ya ƙirga, ya tura ƙugiyar ta ɓullo, ya datse ƙayarta, ya zare. Tsohon ya ce madalla, ya nemi a ba shi ƙugiyarsa ko da ta lalace.

Mai bi masa wata yarinya ce 'yar shekara shida da ƙurji a cinya, ta ƙanƙame zanen uwarta tana kuka tun kafin a taɓa ta. Uwar ta fara naɗe mata hannuwa ta baya, ta ce da Dogo, "Yi sauri, likita, na riƙe ta."

"A'a, Inna, sake ta. Zauna nan ta jingina da ke." Ya tsuguna. "Ƙanwata, ba zan taɓa ki ba sai na faɗa miki. Me kika baro a gida?"

Ta ja majina, ta dube shi sama da ƙasa. "Akuyata."

"Me take yi yanzu?"

"Tana cin tabarmar Kaka."

"Subhanallahi. Kaka ta sani?"

"Ba ta sani ba," in ji yarinyar, ta matso kaɗan. "Kada ka faɗa mata."